Me Garantin Sabuwar Mota Ya Ƙunsa?

Garanti alkawari ne da kamfani kan yi wa mai sayen sabuwar mota, cewa duk lahanin da ya taso daga ƙira za a gyara kyauta a garejin dillalinsa. A Amurka, Toyota kan ba da shekara 3 ko tafiyar mil 36,000, duk wanda ya riga cika. Juyen baƙin mai da ɓarnar haɗari kuwa ba sa cikin wannan alkawari.

Wajen sabis ake yawan ruɗewa. Dillalai sun fi son a kai musu komai, amma dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana soke garanti don kawai makanikin waje ya yi sabis. Sai dai a adana rasit, domin ranar da inji ya buga, shi za a fara nema.