Kwamfutar gwamnati kyauta: ina gaskiya, ina ƙarya?

Lokaci zuwa lokaci saƙon yakan sake ɓullowa a WhatsApp: wai Gwamnatin Tarayya na raba wa ɗaliban sakandare kwamfuta kyauta, a latsa nan a cike fom, a tura wa wasu zauruka kafin suna ya fito. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun sha bankaɗo ire-irenta. Adireshin shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa, sannan babu ma'aikatar da ke sa yaro ya yi mata talla kafin ta ba shi kaya. Lambar waya masu shafin ke nema, wani lokaci har da bayanan bankin iyaye.

Sai dai masu cewa gwamnati ba ta taɓa kashe ko kwabo a wannan fanni ba, su ma sun kauce hanya. A 2013 gwamnan Osun na lokacin, Rauf Aregbesola, ya ƙaddamar da Opon Imo, ƙaramar kwamfutar hannu mai ɗauke da littattafan karatu da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, domin ɗaliban babbar sakandare. A Ghana kuwa, cikin Maris 2024, Shugaba Akufo-Addo ya buɗe shirin raba irin wannan na'ura miliyan 1.3 ga ɗaliban babbar sakandare. Duka biyun ta hannun makarantu suka bi.

A matakin tarayya, makaranta ake ba wa kayan, ba ɗalibi ba. Hukumar sadarwa ta NCC da asusunta na USPF sun daɗe suna kafa ɗakunan kwamfuta da intanet a wasu makarantun gwamnati. Akwai masu ambaton hukumar TETFund, alhali kuɗinta na manyan makarantu ne kawai. Galibin sakandaren gwamnati ma a hannun jihohi suke.

Ƙaryar na samun kasuwa ne saboda buƙatar ta gaske ce. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma abin takaici ne yaron ƙauye ya fara taɓa linzamin kwamfuta a ranar da ake auna makomarsa. Iyayen da abin ya dama, shugaban makaranta da ma'aikatar ilimi ta jiha ya kamata su tunkara: akwai ɗakin kwamfuta? Akwai wuta ko sola? Wa ke koyarwa, kuma sau nawa a mako ake buɗe wa yara?