Me Ya Sa Ya Kamata Sabon Likita Ya San Tarihin Lafiyar Ƙwaƙwalwarka?

Abuja gari ne na baƙi. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kaduna ko Sakkwato yakan iso da iyalinsa da kayansa, amma fayil ɗinsa na asibiti yana can Barnawa ko Kware. Idan ya yanki sabon kati a Wuse ko Gwagwalada, likitan da zai duba shi bai san komai game da shi ba sai abin da ya faɗa da bakinsa. A nan ne mutane da dama kan ambaci hawan jini da ciwon suga, su haɗiye batun ciwon damuwa ko taɓin hankalin da aka taɓa yi musu magani, saboda gudun tsangwama.

Tsoron yana da dalili, amma shirun yana da haɗari, kuma mafi yawan haɗarin a wajen rubuta magani yake. Mai shan litiyam, idan aka haɗa masa da maganin ciwon jiki irin su diklofenak, litiyam ɗin na iya taruwa a jininsa har ya zama guba. Tiramadol ba ya jituwa da yawancin magungunan ciwon damuwa. Hatta Coartem, da ake bayarwa kullum domin zazzaɓin cizon sauro, akwai gargaɗi game da haɗa shi da amitiriftilin. Ga mata kuwa lamarin ya fi nauyi: Tegretol na rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, Epilim kuma na iya yi wa ɗan tayi illa. Likitan da ba a gaya masa ba, ta yaya zai kauce wa waɗannan?

Ta fuskar doka, sirrin majinyaci yana da kariya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan mara lafiya sai da amincewarsa a rubuce, ko bisa umarnin kotu ko tanadin doka, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta nuna wa masu wannan lalura bambanci.

Ba lallai ne mutum ya zazzage duk abin da ya faru da shi a zaman farko ba. Abin da likita ke buƙata shi ne sunan lalurar, magungunan da ake sha da adadinsu, wanda aka taɓa sha bai karɓi jiki ba, da ko an taɓa kwantar da mutum. Zuwa da kwalayen maganin ya fi dogon bayani. A ambaci maganin gargajiya ma, idan ana sha. Tunanin hallaka kai kuwa ba a jinkirta faɗarsa.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurara: wasu da zarar sun faɗa, sai a riƙa danganta kowane ciwon kai ko bugun zuciya da damuwa. Majinyaci na da damar neman a yi masa gwaji kamar kowa, ko a tura shi ga ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.