Baƙin Gilashin Kyamarar Jirgi: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Cikin matasan da ke ɗaukar bidiyon biki da hawan Sallah da jirgi maras matuƙi, ana yawan zancen ƙaramin baƙin gilashin nan da ake maƙala wa kyamara, wato filtar ND. Wasu sun yi imani cewa ita ke ƙara wa hoto launi da tsabta. Ba haka ba ne. Filtar ND mai kyau ba ta taɓa launi ko kaɗan. Aikinta rage hasken da ke shiga, kamar tabarau a idon mutum. Wadda ta sauya launi, to mai arha ce, kuma aibi ne.

Amfaninta na gaske yana wajen motsi. Kyamara tana ƙifta ido sau da yawa a daƙiƙa, kuma masu fim suna bin wata ƙa'ida: idan ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, kowace ƙiftawa ta kasance 1/50 na daƙiƙa. Da haka gudun doki yake fitowa da ɗan laushi irin wanda ido ya saba gani. Amma da tsakar rana a Kano ko Zinder, hasken ya fi ƙarfin wannan lissafi. Ƙananan jirage kamar DJI Mini 3 Pro ƙofar haskensu a buɗe take a f/1.7, ba a iya tsuke ta, don haka kyamara takan gudu zuwa 1/4000 ko fiye, sai motsi ya riƙa tsalle-tsalle kamar ana fizgarsa. Nan ne filta ke shigowa. ND8 tana barin kashi ɗaya cikin 8 na hasken, ND64 kuma ɗaya cikin 64. Shi ya sa kamfanin DJI ya haɗa wa wannan jirgi ND16 da ND64 da ND256. Mai Mavic 3 kuwa, da yake zai iya tsuke ƙofar har f/11, buƙatarsa ba ta kai haka ba.

Masu cewa dole a sa filtar ND ko da hoton tsaye za a ɗauka sun yi kuskure, domin jirgin da iska ke kaɗawa saurin ƙiftawa ya fi masa.

Akwai kuma wata filtar, CPL, wadda ke kashe ƙyalli, kuma a kanta jita-jitar ta fi yawa. Gaskiya ne tana rage walƙiyar ruwa da ta ganye, tana kuma zurfafa shuɗin sama. Sai dai tana da sharaɗi. Ƙarfinta yakan kai matuƙa ne idan rana tana gefen kyamara, kusurwa 90. Idan an fuskanci rana ko an ba ta baya, kusan babu abin da take yi. Ga shi kuma da hannu ake murɗa ta tun a ƙasa. Da zarar jirgi ya juya a sama, saitin ya tashi, sai a ga ɓangare ɗaya na sama ya yi duhu, ɗayan ya yi fari. Wannan yakan ɓata aikin yini guda, abin takaici ne ƙwarai ga wanda ba zai iya maimaita hawan Daushe ba.

A kan ruwa ma, kamar madatsar Tiga, sai an kalle shi a karkace take aiki sosai. Idan kyamara ta duƙa kai tsaye ƙasa, tasirinta kaɗan ne. Ƙyallin sabon kwanon rufi kuwa ba ta iya kashe shi, saboda hasken da ƙarfe tsirara ke mayarwa ba irin wanda take tacewa ba ne. Haka hazon hunturu: ƙura ce a cikin iska, gilashi ba ya share ta.

Batun cewa filta na wahalar da mariƙin kyamara, wato abin da ke riƙe ta a jikin jirgi, yana da ƙamshin gaskiya. Injinan mariƙin ƙanana ne, filta mai nauyi takan sa ya riƙa rawa ko ya nuna gargaɗi. Masu aikin sukan zaɓi wadda aka ƙera don wannan jirgin takamaimai, su ɗaura ta jirgi yana kashe, sannan su kunna shi ya daidaita kansa kafin ya tashi.