Wasan Dandamali da Baƙin Duwatsun Kudancin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ya san inda ƙasa take sauya kama. Bebeji da Kiru shimfiɗaɗɗun gonaki ne, amma da an wuce Tudun Wada sai daji ya yi duhu a Falgore, duwatsu su miƙe har Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A wannan yanki ne gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974. Allah ya hore wa yankin abin kallo, sai dai baƙo yakan zo da hantsi ya juya da azahar, domin dutse da ruwa kallo ɗaya ake yi musu. Ribar yawon buɗe ido kuwa tana ga baƙon da ya kwana, shi ne mai masauki da mai abinci da mai tsire suke cin arzikinsa. Abin da zai zaunar da shi, cikin sauƙin kuɗi, shi ne wasan kwaikwayo na dandamali da ake shiryawa kowace shekara a lokaci sananne.

An gwada haka a wasu ƙasashe an ga amfaninsa. Ƙauyen Oberammergau da ke gindin duwatsun kudancin Jamus yana gabatar da wasa ɗaya tun 1634, bayan kowace shekara goma, mutanen garin ne 'yan wasan, kuma dubban ɗaruruwan baƙi suke zuwa. Turawa da bazara suke nasu, domin lokacin ne sanyi yake sakin su. Namu lokacin kaka ne, sa'ad da amfanin gona ya zo gida, aljihu ya yi nauyi, hanya ta bushe. Dama a lokacin ne samari da 'yan mata suke kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu suna kwaikwayon mulki. Ga tashe da azumi, ga wasan gauta na matan fada, ga 'yan kama masu kwaikwayon malamai. A rubuce ma akwai gado: Malam Aminu Kano ya yi amfani da wasa wajen wayar da kan talakawa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu, sannan tun wajajen 1975 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suke kai wasa ƙauyukan Zariya, manoma su shiga a yi da su.

Wani zai ce fim ya riga ya binne dandamali. Amma Turmin Danya, wanda ya buɗe kasuwar finafinan Hausa a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi, wato dandamali ne ya haifi fim. Kuma fim yana cikin wayar kowa, ba wanda zai hau mota zuwa Tiga don ya kalle shi. Wasan da ake yi a gindin dutse, da bakin mutanen wurin da labarin mahaƙan kuza ko masuntan dam, sai an je ake ganinsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tarbiyya. A 2016 an soke shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Bebeji bayan malamai da jama'a sun nuna rashin amincewa. Darasin shi ne, abin da aka sauko da shi daga sama ba tare da shawarar masu gari ba, ba ya yin saiwa. Wasan da ake yi tsakanin la'asar da magariba, a gaban hakimi da limami da iyaye, ba shi da lungun ɓoye ɓarna. Batun tsaron dajin Falgore ma gaskiya ne, saboda haka a fara daga Tiga da cikin garuruwa.

Ba a buƙatar katafaren gini. Fili da tabarmi da lasifika sun isa. Ya rage ga ƙananan hukumomin nan huɗu da masarautu da makarantu su tsayar da mako guda bayan girbi, su riƙe shi shekara da shekara har baƙi su san da shi.