Mas'alar Fijo 404 da Bosuwaja: Wace Ce Ta Fi?

Ka sani, ya kai mai karatu, fatake da tsofaffin direbobi sun daɗe suna jayayya a kan motoci biyu: Peugeot 404 ta Faransa, wadda muke kira Fijo, da Volkswagen ta Jamus mai doro, wadda muke kira Bosuwaja. A 1975 aka fara harhaɗa su a Nijeriya, Fijo a Kaduna, Bosuwaja a Ikko. To, ga hujjar kowace, domin mai hukunci ba ya yanke magana sai ya ji ɓangare biyu.

Amma Fijo 404, a 1960 ta fito. Injinta a gaba yake, silinda huɗu, girmansa sisi 1,618, ƙarfinsa na doki 72 a ma'aunin Amurka, tana kuwa kai kilomita 140 a sa'a. Ƙofofinta huɗu, but ɗinta yalwatacce, ga ta da haƙurin gargada. Shaida a kan haka, ita ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Aibinta, da ruwa take sanyaya inji. In lagireto ya huje a dokar daji, tafiya ta tsaya.

Amma Bosuwaja ta wancan zamani, injinta a baya yake, silinda huɗu ita ma, sisi 1,192, doki 40 a wannan ma'auni, iyakar gudunta kilomita 115. Ba ta da lagireto ko kaɗan, iska ke sanyaya ta. Nauyin inji bisa tayoyin baya shi ke sa ta kama ƙasa cikin rairayi da taɓo, man da take sha kuma kaɗan ne. Sai dai ƙofa biyu gare ta, wurin kaya ƙanƙane a gaba. Tana da sharaɗi kuma: a riƙa sauya baƙin mai a kan kari, a kuma lura da fanbel, gama in ya tsinke direba bai ankara ba, inji ya ƙone.

Hukunci a nan, fifiko yana bin bukata ne. Falke mai buhuna da yaran gida, mai doguwar hanya, Fijo ce tasa, balle ma an yi ta a-kori-kura. Malami mai littattafai da almajiri ɗaya, mai tattalin kuɗin mai, Bosuwaja ta ishe shi. Wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi, kada ya zargi jaki.

An daina ƙera Fijo 404 a Kenya a 1991, Bosuwaja kuwa a Meziko a 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21. Wanda ya ga ɗayarsu yau yana son saye, ya fara duba tsatsa a ƙarƙashinta, ya tambayi inda zai sami kayan gyara, sa'an nan ya yi ciniki.

Wasalam.