Bakan Turkawa: Itace, Ƙaho da Jijiya

Mun saba ganin bakan maharbanmu, wanda akan sassaƙa daga itace guda. Amma a ƙasar Turkiyya, zamanin sarakunan Usmaniyya, maƙeran baka sukan haɗa abu uku su manne su wuri ɗaya. Bakan nasu gajere ne, da kaɗan ya wuce mita 1, amma kibiyarsa tana zuwa inda ta dogon baka ba ta kaiwa.

Ga asirin. Sa'ad da maharbi ya ja tsarkiya, bayan baka, wato gefen da ke duban abin harbi, yakan miƙe. Cikinsa kuwa, gefen da ke duban maharbi, yakan matse. Itace kaɗai, in an tsananta masa, sai bayansa ya tsage ko cikinsa ya murƙushe. Saboda haka sukan ba kowane gefe abin da ya dace da shi.

A tsakiya akan sa siririn itace mai shan manne, shi ne ƙashin baka. A ciki sai a shimfiɗa ƙahon bauna, gama ƙaho yana jimre matsi. Kafin a manna su, akan kankare ƙananan layuka a jikin itacen da ƙahon don su kama juna, sa'an nan a ɗaure tam da igiya. A baya kuma sai jijiyar ƙafar sa, wadda aka busar, aka daka har ta zama kamar zare. Akan tsoma ta cikin mannen da aka dafa daga kifi ko fata, a jera ta hawa hawa.

Yayin da jijiyar take bushewa takan tsuke, ta lanƙwasa bakan baya, har kawunansa biyu su kusa haɗuwa. Nan ne ake gwada haƙurin maƙeri, domin bushewar takan ɗauki watanni, wani lokaci shekara. Bayan haka sai ya gasa hannuwan bakan a hankali, yana kankare ƙahon kaɗan kaɗan, har na sama da na ƙasa su lanƙwasa daidai. In hannu ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko ya murɗe, tsarkiya na iya kuɓucewa, aikin shekara ya lalace. Kawunan kuwa akan bar su da tauri, su taimaka wajen ja.

Babban magabcin wannan baka laima ce, gama takan sassauta manne. Don haka akan lulluɓe bayansa da fata ko ɓawon itace.

A filin Okmeydani na birnin Istanbul an kakkafa duwatsu don tunawa da harbi mai nisa, waɗansu sun wuce mita 800. Bindiga ta kusa kashe sana'ar, amma an farfaɗo da ita, har a 2019 hukumar UNESCO ta sa harbin bakan Turkawa cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.