Jini Ya Ce Ta Warke, Sallaya Ta Ce Da Saura

Mu ƙaddara wata dattijuwa a Kamarawa ta ƙasar Isa, shekarunta sun haura sittin. Cikin mako biyu kafaɗunta da ƙugunta suka sandare. Da asuba ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura kallabi, tashi daga tabarma sai an kama ta, sai hantsi ya yi sannan jikin ya ɗan saki. Me ya same ta?

Mutanen gida suka fara zargin shanyewar ɓarin jiki. Zargin bai zauna ba, don ciwon ya kama dama da hagu daidai, baki bai karkace ba, magana garau. Aka koma kan sanyin ƙashi na tsufa. Shi kuwa sannu a hankali yake shigowa, ya fi son gwiwa, kuma sandarewarsa ta safe ba ta cika wuce rabin awa ba.

A Sakkwato aka ɗebi jini. Gwajin ESR da CRP, masu nuna kumburin cikin jiki, duk sun hau. Likita ya tabbatar ba tarin fuka ba ne, ba ciwon daji ba, sannan ya ɗora ta kan prednisolone, miligiram 15 kullum. Kafin mako ya zagayo tana ɗaura kallabinta da kanta. Ciwon shi ne polymyalgia rheumatica (PMR), wanda William Bruce ya fara bayyanawa a Sikotland a 1888, Barber ya raɗa masa wannan suna a 1957. 'Yan sama da hamsin yake kamawa, mata sun fi yawa, kuma ya fi ƙamari a arewacin Turai, shi ya sa ba a saurin kawo shi a rai a nan.

Bayan wata huɗu kuma sai wata sabuwa. Jini ya daidaita. Likita ya ce, "Inna, yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Alhamdu lillahi." Amma jikarta ta lura a zaune take salla, fuskarta ta yi suntum, dare ya raba tana juyi. In ciwon ya kwanta, wannan fa?

Gwajin jini kumburi kaɗai yake gani, tambayar "yaya jiki" kuwa haƙuri ne ke amsa ta. Irin wannan giɓi ya sa Helen Twohig da abokan aikinta a Jami'ar Keele ta Ingila suka zauna da masu ciwon, suka fitar da ma'aunin PMR-IS a 2022. Takardar tambayoyi ce mai sassa huɗu: alamomin ciwo, iya hidimar yau da kullum, halin zuciya, da illar maganin kansa.

Sashe na huɗun ne ya warware mana. Prednisolone in ya daɗe a jiki yana kumbura fuska, ya hana barci, ya ta da sukari da hawan jini, ya sassake ƙashi, ya raunana naman cinya. Abin da ya zaunar da Inna kan sallaya ke nan. Mafita ita ce likita ya riƙa rage maganin kaɗan-kaɗan, ya duba sukarinta, ya kare ƙashinta. Yanke shi farat ɗaya haɗari ne, haka ma ci gaba da sayensa a kemis ba sa ido, abin da matsalar tsaro a hanyoyin Isa da Sabon Birni ke iya tura mutum yi.

An tsara ma'aunin da Ingilishi, don rayuwar can. A Gobir tambayoyin sai sun sauko ƙasa: Kina iya ruku'u? In kin tsuguna alwala, kina miƙewa ba mataimaki? Wa ke ɗaukar miki buta? Akwai kuma tambayar da ba ta jiran ranar asibiti: sabon ciwon kai a gefen goshi, muƙamuƙi na gajiya wajen tauna, ko gani na dusashewa. Wannan alamar kumburin jijiyar jini ce da kan biyo wannan ciwo, tana iya makantarwa, a ranar ake neman likita.